Idan Makaranta Ta Ce "Babu Wuri": Haƙƙin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Gaban Doka



Kusan kowace unguwa akwai yaron da idan muka fito da safe cikin kayan makaranta, shi yana zaune a ƙofar gida yana bin mu da kallo. Wani ba ya ji, wani ba ya gani, wani sai da keken guragu, wani kuma fahimtarsa ce ke tafiya a hankali. Sau da yawa iyayensa sun taɓa kai shi makaranta, aka ce musu, "Ba mu da wurin irinsu." Suka dawo da shi gida, suka ce haka Allah ya ƙaddara. To, shin makarantar gwamnati tana da ikon faɗin haka? Doka ta ce ba ta da shi.

Me doka ta tanada?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ce karatun shekara 9 na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta cire kurma ko makaho ba. Hasali ma ta ɗora wa iyaye nauyin kai 'ya'yansu, har da hukunci ga wanda ya ƙi.

A 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa. Sashe na 24 na yarjejeniyar ya hana a raba yaro da makaranta saboda lalurarsa.

Babbar dokar kuwa ita ce ta haramta nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa:

1. Mai nakasa yana da haƙƙin yin karatu ba tare da wariya ba, kuma kyauta har zuwa sakandare.
2. Makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, su tanadi malamin da aka horar da kayan aikin da ake buƙata, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja.
3. Wanda aka samu da laifin wariya zai biya tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Idan kamfani ne ko ma'aikata, tarar Naira 1,000,000 ce.
4. Wanda aka zalunta yana iya shigar da ƙararsa daban don neman haƙƙinsa.
5. An ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi gyara yadda mai nakasa zai shiga ya fita. Wa'adin ya cika a Janairun 2024.

Dokar ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa. Da yake yawancin firamare da sakandare na jihohi ne, jihohi da dama sun yi tasu dokar, kuma lauya zai fara duba wadda ta shafi jiharku.

Me ya sa har yanzu yaran suke gida?

Na farko, rashin sani ya fi dare duhu. Iyaye da yawa sun ɗauka alfarma suke nema, shi ya sa da an ce a'a sai su yi godiya su juya. Na biyu, makarantu na musamman ba su da yawa. Akwai irin su makarantar Tudun Maliki a Kano da makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato, wadda aka buɗe tun 1953, amma ba kowane uba ke da halin kai ɗansa nesa da gida ba. Na uku, ƙarancin malamai. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da sassan ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, suna yaye malamai, sai dai ba su kai ga kowace makaranta ba. Na huɗu, wasu iyayen da kansu suke ɓoye yaron don gudun surutun mutane, ko su tura shi bara.

Ta ina iyaye za su fara?

Neman haƙƙi ba daga kotu ake fara shi ba. Ga matakan bi da bi:

Da farko, a kai yaron asibiti a samo takardar likita da ta bayyana lalurarsa da abin da yake buƙata. Wani yaron da ake kira daƙiƙi, allo ne kawai ba ya gani sosai, ko muryar malam ce ba ta isa kunnensa.

Na biyu, a rubuta wa shugaban makaranta takardar neman gurbi, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi. Maganar baki ana iya musanta ta, takarda kuwa shaida ce. Idan an ƙi, a nemi dalili a rubuce.

Na uku, a kai maganar ga kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar SUBEB ko ma'aikatar ilimi ta jiha. Wani lokaci gyaran bai wuce a sauko da aji daga bene zuwa ƙasa ba, ko a zaunar da yaro a layin gaba.

Na huɗu, idan duk wannan bai yi ba, a shigar da koke a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke karɓar koke kyauta, ko a Hukumar Kula da Masu Nakasa.

Na biyar, a nemi lauya. Marar hali na iya zuwa hukumar ba da agajin shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da ke tsaya wa mata da yara. Aikin lauya shi ne ya karanta takardun, ya rubuta wa hukuma yana kafa hujja da doka, ya zauna a yi sulhu, in ya faskara ya tafi kotu. Da yake yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, mahaifi ko waliyyinsa ne ke yi a madadinsa.

Kada kuma a tafi a kaɗaice, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin makafi da na kurame da na guragu, da uwar ƙungiyarsu JONAPWD, sun san ofisoshin nan ciki da waje.

Mu ɗalibai fa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gobe idan kun shigo, ku duba da kyau: mai keken guragu zai iya shiga ajinku? Zai iya shiga ban-ɗaki da ɗakin karatu? Abin da kuka gani ku rubuto, mu miƙa wa hukumar makaranta cikin ladabi. Mu daina kiran abokanmu da sunan lalurarsu. Wanda ya samu dama ya koyi gaisuwa da maganar hannu. Masu shirin jarrabawa kuma su sanar da 'yan'uwansu cewa hukumar JAMB tana da tsari na musamman don makafi.

Mafi muhimmanci, idan akwai irin wannan yaro a gidanku ko maƙwabtanku, ku kwafi matakan nan biyar ku karanta wa iyayensa. Duk zangon karatun da ya wuce shi yana zaune a ƙofar gida, ba zai dawo ba.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.