Kifin Ado: Yadda Masu Kiwonsa A Ɗaka Suke Sa Baki Cikin Dokar Gwamnati

 

Yau zancen kifi za mu yi, amma fa uwargida kada ki ɗauko tukunya, don wannan kifin ba na miya ba ne. Kifin ado ake ce masa. Shi ne ƙananan kifayen nan masu launi iri-iri da ake zubawa cikin akwatin gilashi a ajiye a falo ana kallo. Wata ta gan shi a asibiti ko a gidan 'yan uwa, wata kuwa a fim kawai ta taɓa ganinsa. Abin da za mu duba shi ne yadda gwamnatoci suke kafa doka a kansa, da yadda mutanen da suke kiwonsa a cikin ɗakunansu suke sa baki a dokar, har a wasu lokuta su sa a sauya ta.

Kiwon kifi don kallo tsohon abu ne. Mutanen ƙasar Sin sun fi shekara dubu suna kiwon kifin zinariya, wato jan kifin nan mai sheƙi. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na birnin Landan, daga nan sha'awar ta bazu. A yau miliyoyin gidaje a Amurka da Turai da Asiya suna da akwatin kifi, masu kiwon kuma suna da ƙungiyoyi da mujallu da taron shekara-shekara. Mu ma muna ciki, ko da ba mu sani ba, domin daga kogunan kudancin Nijeriya ana kama wasu kifaye a fitar da su waje da rai ta jirgin sama. Akwai mai dogon baki kamar haurin giwa, akwai mai fiffike kamar malam-buɗe-littafi, har dangin ƙurungu da muke soyawa, a can ado ne.

To, ina ruwan gwamnati da kifin da mutum ya saya da kuɗinsa ya ajiye a ɗakinsa? Ai ruwa ba ya tsami banza. Dalilai uku ne.

Na farko, kifin ba ya tsayawa a ɗaka kullum. Wani zai sayi ɗan kifi kamar yatsa, in ya girma ya fi ƙarfin akwatin, ko mai shi ya gaji da wanke-wanke, sai ya ji tausayin kashe shi, ya kai shi rafi ya sake. A ganinsa alheri ya yi. Ga abin da irin wannan alheri ya jawo a jihar Fulorida ta Amurka. Akwai wani kifi mai zane ja da fari, mai ƙayoyi masu dafi, ana kiransa kifin zaki. Asalinsa daga tekun Indiya da na Fasifik yake. A shekarar 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida, masana kuma suna ganin daga akwatunan masu kiwo aka sake shi. A sabon wurin bai tarar da abin da ke cinsa ba, ga shi mace ɗaya tana iya zuba ƙwai wajen miliyan biyu a shekara. Kafin a ankara ya mamaye tekun yankin Karibiyan, yana haɗiye 'ya'yan kifayen da masunta suka dogara da su. A 2014 hukumar Fulorida ta hana shigo da shi da rai. Har gasar kama shi ake shiryawa, ana kwaɗaita wa mutane cin namansa, amma kawar da shi gaba ɗaya ya gagara.

Ba kifi kaɗai ba. A ƙasar Sifen, wani babban dodon koɗi ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ake sayarwa don sakawa a akwatin kifi, ya ɓulla a gonakin shinkafa na bakin kogin Eburo a 2009, yana cinye shuka tun tana ƙarama. A 2012 Tarayyar Turai ta haramta shigo da shi. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Wata irin kainuwa mai kyan fure, wadda aka yaɗa a duniya a matsayin tsiron ado, ta shigo ruwan Legas a 1984, daga baya ta addabi kogin Kwara, tana toshe hanyar kwale-kwale tana hana masunta jefa taru.

Dalili na biyu, yawan kamu. Akasarin kifin ado na ruwan daɗi a gonar kifi ake ƙyanƙyasarsa, amma mafi yawan na teku kamo shi ake yi. In kasuwa ta buɗe wa iri ɗaya, sai a yi ta kwasa har ya nemi ƙarewa. Dalili na uku kuwa shi ne haƙƙin dabbar kanta: kada a cunkushe ta a ɗan kwano, kada a bar ta cikin ƙazamin ruwa.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake tsara dokar, don a nan gardamar take. Uwargida, ɗauki misalin gidan biki da aka ajiye mai gadi a ƙofa. Ana iya ce masa: ga sunayen mutum biyar, kada ka bar su su shiga, sauran kowa ya shigo. Ana kuma iya ce masa: duk wadda ba ta da katin gayyata, kada ta shiga. To haka dokar kifi take. Ta farko ita ce jerin haramtattu, duk kifin da ba ya cikin jerin ya halatta. Ta biyu ita ce jerin halattattu, duk wanda ba ya ciki an hana shi sai an bincika. Ostireliya ta biyun take bi. Amurka kuwa, a matakin tarayya, ta farkon take bi, a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta shekarar 1900 da ake kira dokar Lacey.

A farkon 2009 wata 'yar majalisar wakilan Amurka, Madeleine Bordallo, ta gabatar da ƙudurin da zai mayar da ƙasar kan jerin halattattu. Matar tana da hujja. Tsibirin Guwam take wakilta a lokacin, inda wani baƙon maciji da ya shiga bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙarar da yawancin tsuntsayen dajin tsibirin. Wanda ya ga wannan da idonsa, dole ya ce rigakafi ya fi magani. Ƙudurin ya keɓe dabbobin gida irin su kyanwa da kare da shanu da kifin zinariya. Sauran baƙin halittu kuwa, duk wadda hukuma ba ta bincika ta amince da ita ba, ba a shigo da ita, ba a sayar da ita, ba a sa ta hayayyafa.

Da masu kiwon kifi suka karanta sai hankalinsu ya tashi. Suka ce nau'o'in kifin ado dubbai ne, yaushe hukuma za ta gama binciken su ɗaya bayan ɗaya? Kafin ta gama, ƙananan kantuna sun rufe, masu ƙyanƙyasa sun rasa abin yi. Suka ƙara da cewa kifin ƙasar zafi da zai iya rayuwa a ruwan Fulorida, in ya faɗa tafkin jihohin arewa masu ƙanƙara, sanyi ɗaya zai kashe shi, don haka bai kamata a yi wa ƙasa duka kuɗin goro ba. Wato wake ɗaya ya ɓata gari.

Me suka yi? Yawancinsu daga gida suka yi aikin. Ƙungiyoyinsu, tare da ƙungiyar masu sana'ar dabbobin gida da a lokacin ake kira PIJAC, suka fassara wa mambobi ƙudurin cikin sauƙin harshe. Kowa ya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa wasiƙa ko ya buga waya ofishinsa, ya faɗi abin da yake kiwo da yadda dokar za ta shafe shi. Masu kiwon tsuntsaye da masu kiwon ƙadangaru suka mara musu baya. A watan Afrilu na 2009 kwamitin majalisa ya yi zaman jin ra'ayi, daga nan ƙudurin bai ƙara gaba ba. A 2022 aka sake saka irin wannan tanadi cikin wani babban ƙuduri, majalisar wakilai ta amince da shi, masu kiwo suka sake tashi da wasiƙu, kuma dokar da aka sa wa hannu a ƙarshe ba ta ɗauke da shi.

A Indiya ma an yi haka. A watan Mayu na 2017 gwamnatin tsakiya ta fitar da ƙa'idoji kan kantunan kifin ado. Ta hana ajiye ko sayar da nau'o'i fiye da 150, ta kuma ce sai an ɗauki likitan dabbobi ko masanin kifi mai kula da lafiyar kifayen. Manufar kare dabba ce, amma ina mai ɗan shago zai samo albashin likita? A jihohin Kerala da Bengal ta Yamma iyalai da yawa da wannan sana'a suke ci, cikinsu har da mata masu ƙyanƙyasar kifi a ƙananan kwatarniyoyin siminti a tsakar gida, kamar yadda muke ƙuli-ƙuli ko saƙa. Masu sana'ar da masu sha'awar suka kai kuka, gwamnatocin jihohi suka sa baki, kafin shekarar ta ƙare aka janye ƙa'idojin.

Kada fa ki ɗauka masu kiwo su ne da gaskiya a kowane lokaci. Masana muhalli suna cewa jiran sai dabba ta yi ɓarna sannan a hana ta, kamar rufe akurki ne bayan muzuru ya gama da kaji, kuma labarin kifin zaki yana ba su gaskiya. Suna kuma cewa muryar 'yan kasuwa masu neman riba takan fake a bayan ta masu sha'awa. Masuncin da baƙon kifi ya cinye masa abinci ba shi da ƙungiya mai ƙarfi kamar tasu. Saboda haka masu hankali daga cikin masu kiwon suka gane cewa in kullum abin da gwamnati take ji daga gare su shi ne "ba mu yarda ba", wata rana za a daina sauraronsu. Sai sun ɗauki nasu nauyin.

Shi ya sa a 2004 ƙungiyar masu sana'ar ta haɗa kai da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka suka fara wani gangamin wayar da kai. Aka riƙa buga saƙo a jikin ledar da ake ƙulla kifi da kuma a bangon kantuna, cewa kada a saki kifi ko tsiron akwati a rafi. Ƙungiyoyi da dama suna shirya ranar da wanda ya gaji da kifinsa zai kawo a nema masa wani mai riƙo. A Ingila ma, ƙungiyar masu sana'ar kifin ado, OATA, wadda aka kafa a 1991, tana da ƙa'idojin da mambobinta suke bi, tana kuma ba hukuma shawara in za a yi doka.

Akwai ma inda masu kiwo suka yi abin da hukuma ba ta iya ba. A ƙasar Meziko akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai jan wutsiya da ake kira tekila, wanda ya ɓace daga koginsa saboda gurɓatar ruwa da baƙin kifaye. Ashe yana nan da rai a akwatunan masu sha'awa a Turai. A 1998 wani Bature mai kiwon kifi, Ivan Dibble, ya kai wa wata jami'a a jihar Michowakan maza biyar mata biyar daga gidan namun daji na Chesta a Ingila. Masana suka yi shekaru suna renonsu, sannan aka saki 1,500 a kogin asali, mutanen garin suna sa ido. A 2021 aka ba da sanarwar cewa kifin ya zauna, yana hayayyafa da kansa. Kin ga mai irin wannan sani, in ya zo gaban kwamiti, dole a saurare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In kika duba waɗannan labarai, abu uku za ki gani suna maimaituwa. Mutanen sun karanta dokar tun tana ƙuduri, ba su jira an sa hannu ba. Sun yi magana da murya ɗaya ta hanyar ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan sun zo da hujja da kuma abin da su za su gyara a nasu ɓangaren. Da yawansu ba su taka majalisa ba, takarda da waya suka isar musu. Majalisunmu na tarayya da na jihohi su ma sukan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin su zartar da doka, suna kuma karɓar takardar bayani a rubuce daga ƙungiyoyi, ko da na masu sana'ar cikin gida ne.

Ke kuma uwargida, in maigida ko yara suka kawo akwatin kifi gida, ga 'yan shawarwari. A tambayi mai sayarwa iya girman da kifin zai yi kafin a saya. Kada a cika kifi da yawa a ƙaramin akwati, kada a zuba abincin da ya fi ƙarfinsu, don shi ne ke ɓata ruwa. In za a canza ruwa, a rage wani kaso ne a ƙara sabo, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe tukuna. Tsohon ruwan a zuba wa shuka a tsakar gida. Ciyawar akwatin a shanya ta ta bushe kafin a zubar. In an gaji da kifin, a mayar wa mai kanti ko a ba wani mai sha'awa. Kada a aiki yaro ya kai shi kududdufi ko rafi ko dam, don abin da ya shiga ruwa da wuya a iya fito da shi.

A nan za mu dasa aya. Wadda take da tambaya ko ƙarin bayani, ta rubuto mana kamar yadda aka saba. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, a gaida yara, ku huta lafiya.