Idan Mai Sayen Zoɓonka Ya Gayyace Ka Cin Abinci a Meksiko

Zoɓon da ake ɗurawa a buhuna a Jigawa da Kano, kaso mai yawa ƙasar Meksiko yake nufa. A can suna kiransa jamaica, suna jiƙa shi su sa sukari su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Don haka ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwarmu ya tsinci kansa a birnin Meksiko, abokin ciniki ya ce yau da dare shi zai ciyar da shi. Idan mutumin na son ya girmama ka sosai, ba rumfar bakin hanya zai kai ka ba. Zai kai ka irin gidan abincin da ba kai kake zaɓar abin da za ka ci ba.

Tsarin shi ne mai girki ya jera abinci kala shida, bakwai ko fiye, ana kawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma biyu zuwa uku. Kuɗin a dunƙule yake, kowane mutum da nasa, kuma ya kai dubban kuɗinsu na peso. Zaman kan ci awa biyu zuwa uku. Wanda ya saba da malmalar tuwo, idan aka ajiye masa farantin farko zai ɗauka rowa ce ko raini. A yi haƙuri, Alhaji, kafin a kai na ƙarshe ciki ya ɗauka.

Mafi suna a irin waɗannan gidaje shi ne Pujol, a unguwar masu hali ta Polanco, wanda Enrique Olvera ya buɗe a shekarar 2000. A 2024, da littafin Michelin mai auna gidajen abinci ya fara shiga Meksiko, Pujol da maƙwabcinsa Quintonil ne suka samu tauraro bibbiyu. Sai an kama wuri makonni kafin ranar.

Abin da zai ba ka dariya, kayan da ake wannan tsada a kansu duk ka san su: masara, wake, kabewa, tumatir, barkono. Daga wannan yanki aka fara noman masara, kafin jiragen Turawa su kawo ta Afirka. Suna dafa ƙwayarta da ruwan farar ƙasa har dusa ta saki, su niƙa, su yi 'yar faifan waina mara mai da suke kira tortilla. Duk macen da ta taɓa sa kanwa ko ruwan toka a girki ta san dabarar.

A Pujol akan fara da 'yan jariran masara a cikin ƙwarya mai hayaƙi, an shafe su da wani haɗi da aka sa wa garin kofi da barkono da cinnaku masu fiffike, waɗanda ke fitowa da ruwan farko. Kafin ka yamutsa fuska, tuna da farar da ake soyawa da yaji a Maiduguri da Yamai. Su ma suna cin fara, musamman a jihar Oaxaca.

Amma abin da mutane ke ƙetare teku dominsa miya ce zalla, ba nama a ciki. Sunanta mole madre, wato uwar miya. Tun 2013 aka ɗora ta, kuma ba a taɓa ƙarar da tukunyar ba: ana ɗumamawa, ana ƙara sabon haɗi na busasshen barkono da 'ya'yan itatuwa da kayan ƙamshi a kan tsohon. Kwanakinta sun haura 3,000 tun tuni. Ana zuba baƙar tsohuwar a faranti, a ɗiga sabuwa ja a tsakiya, ka yago tortilla ka dangwala da hannu. A gidajenmu ɗumame abin safe ne da ba a ba baƙo. A nan shi ne sarkin tebur.

Inda ake buƙatar buɗe ido shi ne halal. Tunda ba kai ke zaɓa ba, magana tun ranar kama wuri ake yin ta, ba sai faranti ya iso ba. Girkin Meksiko na gargajiya yana yawan amfani da kitsen alade, manteca, a cikin wake da tamales, wani irin alalen masara da ake naɗewa a ɓawo, har da wasu miyoyi, kuma ido ba ya gani. Ka riƙe kalmomi uku: sin cerdo, ban da alade, sin manteca, ban da kitsensa, sin alcohol, ban da giya. Naman sa da na kaza ma ba yankan Musulmi ba ne a yawancin wurare, don haka mafi sauƙi ka nemi jerin kifi da ganye. Manyan gidaje sun saba da irin wannan buƙata. Za kuma a yi maka tayin giya da za ta raka kowane faranti. Ka ce a kawo maka jamaica, wataƙila ma daga buhunka ta fito.

Kar ka ji nauyin faɗa wa mai gayyatar tun da wuri. Ya fi masa ciwo ya biya wannan kuɗi ya ga kana tura faranti gefe. Idan kuwa kai ne mai biya, ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ma'aikata, don ba ya cikin lissafin da aka gaya maka da farko.