Planica: Tudun da wani kulob ya mayar da shi matattarar masu tsalle a dusar ƙanƙara

Wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena ya leƙo ƙasa ya san yadda ƙafa kan yi sanyi. To, a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, akwai wasan da mutum ke ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafafunsa, ya sulalo daga gangare da gudun mota, ya yi tsalle cikin iska, sannan ya dira a can ƙasa. Alƙalai suna auna nisan da ya ci da kuma kyawun dirarsa.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi shahara da wannan wasa shi ne kwarin Planica, kusa da ƙauyen Rateče a ƙasar Sulobeniya, dab da iyakarta da Italiya da Ostiriya. Kulob ɗin wasanni na Ilirija ne, daga birnin Ljubljana, ya jagoranci gina babban tudun farko, sakatarensa Joso Gorec yana kai-komo, injiniya Stanko Bloudek kuma ya yi tsarin farko na aikin. An buɗe shi a 1934, lokacin ƙasar tana cikin Yugosilabiya, kuma a shekarar Birger Ruud na Norwe ya kafa tarihi da mita 92.

Ranar 15 ga Maris 1936 wani matashi ɗan Ostiriya mai shekara 18, Sepp Bradl, ya dira a mita 101.5, ya zama mutum na farko da ya haye mita 100. Hukumar wasan ta duniya, FIS, ba ta yi murna ba. Tana ganin irin waɗannan manyan tudai wasa ne da rai, kuma tsoronta ba na banza ba ne, domin faɗuwa a irin wannan gudu kan karya ƙashi. An shafe shekaru ana ja-in-ja kafin ta amince, har aka yi gasar duniya ta farko ta dogon tsalle a Planica a 1972.

Kafin nan, 'yan'uwa biyu, Vlado da Janez Gorišek, sun tsara wani tudun da ya fi girma, aka buɗe shi a 1969. A kansa Toni Nieminen na Finland ya dira lafiya a mita 203 a 1994, na farko da ya wuce 200 bai faɗi ba. A Maris 2025 ɗan ƙasar, Domen Prevc, ya kai mita 254.5, kusan tsawon filin ƙwallo biyu da rabi.

Sai dai suna bai hana lalacewa ba, abin da masu kula da filayen wasanninmu na gida suka sani sarai. Tsohon tudun Bloudek ya rufta a 2001, ya zauna kufai kusan shekara goma, sai da kuɗin gwamnati da na Tarayyar Turai suka shigo aka sake gina shi, aka buɗe a 2012.