Kafin a Zare Distiributa

Har yanzu a hanyoyin Dutse zuwa Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu ba a rasa tsofaffin motoci masu distiributa, irin su Golf da Starlet da Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Aikin distiributa shi ne karɓar wuta daga kwayil ta raba wa filogi huɗu, kowanne a daidai lokacinsa.

Mota na fara gardamar tashi ko tari, sai ka ji an ce distiributa ta mutu, a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a samo ta Beljiyam. Sau da yawa kuwa ba ita ba ce. Murfinta kan tsage, raɓar damina ta shiga. Bakin rota kan ƙone, a 504 kuma kontak kan cinye ko tazararsa ta kauce daga milimita 0.4. Duk waɗannan kayan araha ne. Amma idan sandar cikinta tana lilo, ko baƙin mai yana malalowa ciki, to lallai sai canji.

A wurin cirewa ake yin ɓarna. Makaniken kirki yakan juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa yana matse iska, ya sa alama da fenti inda bakin rota ke kallo, wata kuma inda jikin distiributa ya haɗu da injin, sannan ya kwance. Daga nan ba mai sake juya injin sai sabuwar ta zauna. Dalili kuwa, sai injin ya zagaya sau biyu distiributa ke zagayawa sau ɗaya, don haka ana iya dasa ta a juye, wuta ta je wa na huɗu lokacin da na ɗaya ke jira. Sai a yi ta turi a banza, mota na harbi ta salansa, direba na zargin mai kaya.

Wayoyin filogi ma ɗaya bayan ɗaya ake mayar da su, bisa jerin 1-3-4-2.

Saura saitin tayimin. Makanikai da dama da kunne suke yi, wasu kam sun ƙware, amma fitilar tayimin ta fi kunne gaskiya. Wuta in ta yi gaggawa, injin zai riƙa ƙas-ƙas idan aka ɗora masa lodi. In ta makara, mota ta yi sanyin jiki, ta sha mai, ta ɗau zafi tun ba a yi nisa ba.