Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Faifai

A gidajenmu da yawa akwai faifan CD da aka ɗauka a bikin yaye ɗalibai ko wurin rera waƙoƙi, an ajiye su cikin akwati shekara da shekaru. Irin wanda ake ɗauka a gida, watau CD-R, sinadarin da ke riƙe da sautin yana lalacewa da zafi da hasken rana. Saboda haka ya kamata mu kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun bai ɓace ba. Sai dai sau da yawa mukan sa faifan, manhajar kwasar sauti ta ce ba ta ga na'urar karanta faifai ba.

Bari mu fara da yadda faifan yake. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da shi kasuwa a 1982. Babu fayil a cikin faifan sauti kamar yadda muka saba gani a kwamfuta. Sautin yana kwance ne a kan layi ɗaya mai kewayawa daga tsakiya zuwa baki, an auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Abin da Windows ke nuna mana da suna Track01.cda alama ce kawai ta inda waƙa ta fara, girmanta bayit 44. Wanda ya kwafe ta ya kai wa abokinsa, to, ya kai masa takardar adireshi ne, ba gidan ba. Shi ya sa manhaja irin su Exact Audio Copy ko cdparanoia dole ta yi magana da na'urar kai tsaye, a nan kuwa ake yawan samun cikas.

Kafin mu zargi manhaja, mu duba ko kwamfutar kanta ta ga na'urar. A Windows sai mu buɗe Device Manager. A Linux sunanta yakan zama /dev/sr0. In ba ta nan, yawanci wuta ce. Na'urar da ake jonawa ta USB tana cin wuta sosai lokacin da take juya faifai, tsohuwar kafar USB 2.0 kuwa miliamfa 500 kaɗai take bayarwa, ta USB 3.0 tana ba da 900. Za mu ji faifan ya taso da ƙara, ya mutu, ya sake tasowa. Mu cire ta daga marabar USB mu jona ta a jikin kwamfutar kai tsaye.

To, in kwamfuta ta gan ta amma manhaja ba ta gani ba fa? Wannan maganar izini ce. A Linux irin su Debian da Ubuntu, mu tabbata sunanmu yana cikin rukunin da ake kira cdrom, sa'an nan mu fita mu sake shiga, don sabon izinin ba ya aiki sai an yi haka. Manhajar da aka sa ta hanyar Snap ko Flatpak a killace take, wani lokaci sai an buɗe mata ƙofar na'urar da hannu. A Windows, tsofaffin manhajoji na zamanin Windows 98 suna neman wata hanya mai suna ASPI ta kamfanin Adaptec, wadda Windows XP da na bayansa ba su zo da ita ba. A ganinmu neman sabuwar manhaja ya fi wahalar gyaran tsohuwa sauƙi. Mu kuma rufe duk wata manhaja da ta riga ta kama faifan tana kunna shi.

Akwai abin da kan ruɗe mutane: na'ura ta karanta DVD lafiya amma ta ƙi CD. Hasken leza biyu ne a cikinta, ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗayan. Ƙurar hunturu ma takan rufe idon na'urar.

Faifan kuwa, mu goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada mu bi da'ira. In waƙoƙin ƙarshe ne kaɗai suke ƙin fitowa, mu duba bakin faifan, can suke. Karcewar da ta fi muni ita ce ta gefen da ake rubutu, domin sautin yana dab da wannan gefen, kuma in ya ɓare babu gogewar da za ta dawo da shi.