Muhawarar Masu Karatu A Tagwai: Gandoki Jarumi Ne Ko Mahari?

Duk wanda ya taɓa kwana a Minna, babban birnin Jihar Neja, da wuya a ce bai sha ruwan Tagwai ba. Madatsar ruwa ce a bayan gari ta wajen Chanchaga, wadda aka gina bayan da Minna ta zama hedkwatar jiha cikin 1976, kuma tana cikin wuraren da ake ɗebo ruwan da mutanen gari ke sha.

A can gefen ne waɗansu ma'abota karatu kan taru a inuwar mangwaro bayan sallar la'asar, kowa da littafinsa a hammata. A cikinsu akwai malaman makaranta, da tsofaffin ma'aikatan reluwe, da ɗalibai maza da mata. Ba su da shugaba, ba su da kuɗin shiga. Sharaɗinsu guda ne tak, watau kada mutum ya yabi littafi ko ya kushe shi sai ya karanta shi daga bango zuwa bango.

A 'yan kwanakin nan hirar tasu ta karkata ne ga irin littattafan nan na ƙage da akan gina bisa tarihi, a kuma ɓoye wani asiri a ciki, kamar kisan kai, ko sata, ko ɓatan mutum, wanda mai karatu ba zai gane kansa ba sai ya kusa kai ƙarshe. Wata ɗaliba ce ta jawo maganar, domin ta gama karanta wani littafin Agatha Christie, marubuciyar nan ta Ingila, mai suna Death Comes as the End, wanda aka buga cikin 1944, aka kuma kafa labarinsa a Misira ta zamanin Fir'auna. Ta ce abin da ya burge ta shi ne tana neman mai kisa, tana kuma koyon yadda mutanen da suka shuɗe ke zaune a gidajensu. Daga nan sai ta yi tambaya, ko me ya sa ba a samun irin wannan a Hausa?

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin reluwe ya yi dariya, ya ce mata ai wanda ke zaune a Jihar Neja ba ya bukatar zuwa Misira neman irin wannan labari, gama tun kafin a haifi mahaifinta aka rubuta su, kuma a kan wannan ƙasa da take takawa.

GASAR 1933

Maganar dattijon tana da tushe. Cikin 1933 ne wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Fassara, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga 1934 aka fara buga littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin marubutan, Bello Kagara da ƙanensa Abubakar Imam, 'yan Kagara ne, garin da ke cikin Jihar Neja a yau. A Kagara aka haifi Imam cikin 1911, shi ne kuma ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Shi kuwa Bello ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina.

GARDAMA KAN GANƊOKI

Da aka zo kan Ganɗoki sai zaman ya ɗau zafi. Littafin yana ba da labarin wani barde ne na Kwantagora da ya yi yaƙi da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasar Arewa, sa'an nan ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, inda labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar aljannu. Kashin farko kuwa yana tafiya da abin da ya auku. Turawa sun ci Kwantagora da Bida cikin 1901, sun kuma yi yaƙin Burmi cikin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu.

Wani malamin makaranta, wanda iyayensa mutanen Kwantagora ne, ya ce shi a ganinsa babu littafin Hausa da ya kai wannan ƙarfin zuciya, domin kuwa an rubuta shi Turawa na kan mulki, Bature ne kuma alƙalin gasar, amma duk da haka marubucin ya fito da baƙar fata yana fuskantar bindiga da takobi ba tare da ya ja da baya ba. Ya ƙara da cewa yaron da ya karanta shi ba zai ƙara zaton cewa kakanninsa sun miƙa ƙasa a ruwan sanyi ba.

Wani ma'aikacin asibiti, mutumin Gwari, watau Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, ya saurara har malamin ya gama. Sa'an nan ya ce shi ma ya karanta, ya kuma ji daɗin Hausar da ke ciki, amma yana so Malam ya tuna cewa dawakin da ake yi wa kirari a littafin, irinsu ne suka riƙa kai hari ƙauyukan kakanninsa. Ya ce a gidansu har yanzu tsofaffi na ba da labarin yadda mutane suka bar gonakinsu suka hau duwatsu don tsoron mahara, kuma sunan Nagwamatse da wani ke ji da alfahari, shi da tsoro ya taso yana jin sa.

A nan ma tarihi bai ƙaryata shi ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kwantagora, kuma shi da ɗansa Ibrahim sun yi suna wajen kai hare-hare ƙasashen Gwari da Kambari da maƙwabtansu. Ibrahim ne Turawa suka kora cikin 1901, daga baya suka mayar da shi kan gadonsa.

An daɗe ana ja-in-ja, ba wanda ya kayar da wani. Abin sha'awa dai shi ne ba a tashi baram-baram ba. Dattijon reluwe ne ya raba gardamar, ya ce littafin da ya sa jikan mahari da jikan wanda aka kai wa hari suka zauna a tabarma ɗaya suna faɗa wa juna gaskiya, ai ya biya kuɗinsa.

SHAIHU UMAR YA RABA RANA

Daga nan wata malama ta ce in ana son a ga ɗaya fuskar, to a buɗe Shaihu Umar. Mai littafin, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya har aka kashe shi a watan Janairu na 1966, yana malamin makaranta ne a Bauci lokacin da ya rubuta shi. Labarin wani shaihi ne da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ce shi mutumin Kagara ne, ya kwashe tarihinsa ya faɗa musu: yadda fadawa suka ƙulla wa mijin uwarsa Makau sharrin ɓoye bayi bayan an komo daga hari, aka kore shi daga gari, da yadda aka sace shi yana yaro, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya ƙetare Sahara tare da wani Balarabe mai suna Abdulkarim.

Malamar ta ce asirin da ke riƙe mai karatu a wannan littafi shi ne ko uwar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta za ta sake ganinsa. Ta ƙi faɗin ƙarshen saboda waɗanda ba su karanta ba, amma ta ce ita sai da ta ajiye littafin ta share hawaye. A ra'ayinta, Ganɗoki ya nuna zamanin ne daga kan doki, Shaihu Umar kuwa daga ƙasa, inda ake ɗaure mutum da igiya, don haka wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya rabin labari ya ji.

Wani ɗalibi ya yi ƙorafin cewa shaihin ya cika haƙuri, komai ya same shi sai ya ce ƙaddara, bai taɓa fitowa fili ya la'anci cinikin bayi ba. Aka amsa masa da cewa ya dubi zamanin. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga wannan shekara ne kawai, ba a kuma soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai cikin 1936. Ke nan lokacin da littafin ya fito akwai iyayengiji da bayinsu da ransu, kuma nuna halin da uwar ta shiga ya isa la'anta ga mai hankali. An mai da littafin wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa cikin 1976.

ƊAN KUDU HAIFAFFEN MINNA

Littafi na uku da aka tattauna da Turanci aka rubuta shi, kuma shi ne ya fi shafar 'yan Arewa mazauna Kudu. Sunansa The Passport of Mallam Ilia, na Cyprian Ekwensi, wanda aka buga cikin 1960. Shi Ekwensi Ibo ne, asalin iyayensa daga Nkwelle Ezunaka cikin Jihar Anambara ta yau, amma a nan Minna aka haife shi cikin 1921, ya kuma rasu cikin 2007.

Ba abin mamaki ba ne a sami iyayensa a Minna. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda aka gama cikin 1911, ta nan ta ratsa, a nan kuma ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko. Jirgin nan ya kawo mutanen Kudu da yawa, kamar yadda ya kwashi fataken goro da na shanu ya kai su Kurmi. A Zungeru, kusa da Minna, aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe cikin 1904. Ben Okri ma, wanda ya ci kyautar Booker ta Ingila cikin 1991, a Minna aka haife shi cikin 1959.

A cikin jirgin ƙasa ne kuma labarin Malam Iliya ya buɗe, inda wani saurayi ya gamu da tsoho, tsohon ya ba shi labarin yadda ya kwashe shekaru yana farautar wani Usman da ya yi sanadin mutuwar matarsa, har bin sawun ya kai shi Makka. Masu karatun Tagwai sun yarda cewa a cikin ukun shi ne ya fi kama da irin littafin da ɗalibar ta fara tambaya, domin akwai wani ɓoyayyen al'amari tsakanin saurayin da tsohon wanda ba ya bayyana sai a shafukan ƙarshe.

Sai dai an rabu kan ko baƙo na iya ba da labarin masu gida daidai. Waɗansu sun ce Ekwensi ya cika Arewarsa da takubba da ɗaukar fansa, kamar ba a noma ba a karatu. Waɗansu suka ce wanda aka binne cibiyarsa a gari ba baƙo ba ne, kuma littafinsa Burning Grass na 1962, a kan Fulani makiyaya, ba ya rubutuwa ga wanda bai taɓa shiga ruga ba.

Har ila yau an tayar da tsohuwar maganar nan ta littafinsa An African Night's Entertainment, shi ma na 1962, wanda labarinsa da sunayen mutanensa, irin su Malam Shehu da Zainabu da Kyauta, suka zo daidai da na Jiki Magayi da ya riga shi fitowa da kusan shekara talatin. Masana sun daɗe suna muhawara a kai. A Tagwai dai shawarar da aka yanke ita ce kowa ya nemi littattafan biyu, ya ajiye su gefe da gefe, ya yi wa kansa alƙalanci.

SAƘO GA MAZAUNA KUDU

Da rana ta yi ja, dattijon reluwe ya kawo maganar da ta sa kowa ya yi shiru. Ya ce yana da jikoki a Agege da Sabon Badun, suna jin Yarbanci da Turanci kamar ruwa, Hausa ma suna yi a baki, amma da ya miƙa wa babbansu Ruwan Bagaja sai yaron ya kasa haɗa baƙi, ya koma kan wayarsa. Ya ce ba ya ganin laifin yaron, na iyayen yake gani, waɗanda in sun zo gida sukan koma da buhun gero da daddawa da kuka, amma ba wanda ke tunawa ya sa littafi ko guda a cikin kayan.

Wannan magana ta shafi duk wani ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal. Littattafan nan ƙanana ne, ana gama kowanne cikin dare biyu ko uku, kuma kamfanin NNPC na Zariya ya sha sake buga na Hausar. Ba sai an gina ɗakin karatu ba. Rumfar mai shayi ta isa, ko zauren Sarkin Hausawa, matuƙar za a sami mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, a kuma bar kowa ya faɗi abin da ya ji daga bakin kakanninsa, ko da ya saɓa wa abin da ke cikin takarda. Waiwaye dai adon tafiya ne.

Akwai kuma darasi a rayuwar Ekwensi. Yaron Kudu da aka haifa a Minna ya girma ya rubuta labarin Arewa, har aka karanta shi a makarantun ƙasar nan. Tarihin zangunan Hausawa a Kudu, da fataken goro, da dillalan shanu, da almajiran da suka bi jirgi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, cike yake da irin waɗannan asirai, kuma yaran da aka haifa a can su suka fi dacewa su rubuta shi, in an koya musu karatu da harshen iyayensu.

Kafin a watse, masu karatun sun shirya cewa a zama na gaba za a ajiye littafi a gefe. Ma'aikacin asibitin zai zo da wani kawunsa daga ƙauye, malamin makarantar kuma zai zo da tsohuwar gidansu, kowanne ya ba da labarin zamanin Nagwamatse yadda ya ji shi. Ɗalibar da ta fara tambaya ita aka ɗora wa alhakin zuwa da alƙalami da takarda.