Ƙafar roba: mece ce, kuma yaya ake sabawa da ita?

Tun da rikicin Boko Haram ya raba mutane da dama da ƙafafunsu a Arewa maso Gabas, batun ƙafar roba ya yawaita a labarai. Ƙafa ce da ake ƙera wa wanda aka yanke wa tasa, bisa awon dungulminsa. Ana yin ta a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da kuma cibiyar da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta buɗe a Asibitin Koyarwa na Maiduguri a 2020.

Babban aikin yana wajen sabawa. Sai rauni ya warke, kumburi ya sauka, sannan a fara koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu kamar yaro mai tatata. Wasu kan ji ƙaiƙayi ko zugi a yatsun da babu su. Ba aljanu ba ne, ƙwaƙwalwa ce ba ta daina lissafi da ƙafar ba.

Ga kuma idon jama'a. Manomi na tunanin gonarsa, budurwa na tunanin aure, tsugunno a banɗaki da zaman tahiya duk sun zama aiki. Shi ya sa ake haɗa sabon majinyaci da wanda ya daɗe da tasa. Yaro kuwa, yana girma ana sake masa wata.